Amsa ga ɗan'uwan da ya ce zamansu na neman mutuwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kun haɗu ku goma sha biyar masu son rabuwa da shaye-shaye, kuka buɗe zaure a WhatsApp, yau wata uku sai kai kaɗai kake magana, kana tambayar yadda za ku raya zaman. Wallahi tambayarka ta taɓa ni, don mun bi ta wannan hanyar.

Mu mun fara ne a 2018, shekarar da gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalba ta yi tsada, wasu suka koma tiramol, mu shida kuma muka ce gara mu tuba gaba ɗaya. Muna zama a shagon ɗinkin ɗayanmu a unguwar Kurna ta Kano duk daren Laraba bayan isha'i, a kan benci, shayi na tafasa a gefe. Ba mu taɓa ɗaga ranar ba, ko da mutum biyu ne suka zo.

Kun yi yawa. Babu wanda zai fasa cikinsa a gaban mutum sha biyar, balle ya rubuta "jiya na sha" a waya, inda wani zai iya ɗaukar hoton maganar ya yaɗa a unguwa. Ku rabu gida uku, ku riƙa haɗuwa ido da ido, wayar ta zama ta tunatarwa kawai.

Amma abin da ya kusa kashe namu zaman daban ne. Wata rana ƙaraminmu ya shigo idanunsa jawur, harshensa na lauyewa. Muka yi masa caa, wannan ya ce ya ci amana, wancan ya ɗora wa'azi. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya fita, ba mu sake sa shi a ido ba sai bayan wata biyar, ya rame kamar ba shi ba. Mafi muni, sauran duk suka koyi ɓoyewa. Kowa sai ya ce "lafiya lau", alhali ba lafiyar.

Tun daga nan muka sa doka: wanda ya zame kuma ya faɗa da bakinsa, ba a yi masa faɗa. Ya riga ya san haramun ne, shi ya sa ya zo. Tambaya uku muke masa: a ina, da wa, ƙarfe nawa? Da muka bi na yaron nan a hankali, sai muka gane duk ranar da aka sallame su a wurin aiki ne, kuɗi a aljihu, hanyarsa kuma ta gaban tsohuwar majalisarsa take. Yanzu ran biya, ɗayanmu mai adaidaita sahu ne yake ɗauko shi har ƙofar gida. Kowannenmu ma yana da mutum ɗaya da zai kira ko ƙarfe biyun dare ne.

Sannan wanda tiramol ya kama sosai, kada ku ce ya yanke rana ɗaya da ƙarfin zuciya. Gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci za su mayar da shi. Ku raka shi ya ga likita, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, duk a Kano.

A satin nan ka taka da ƙafarka gidan mutum huɗu daga cikinsu, ka fara da wanda ya fi daɗewa da yin shiru. Allah Ya dafa muku.