Muryar da ke dawowa a makare cikin hedfon

Ka ce jiya da daddare yarinyar nan mai amshi ta yi ta cire hedfon tana cewa muryarta na dawo mata a makare kamar amsa-kuwwa, har ka fara zargin ita ce ba ta iya hawa kiɗa ba. To yarona ka je ka ba ta haƙuri, na duba laftof ɗin da safe na tarar ka bar bafa a 1024.

Ita bafa kamar motar Zariya ce a tashar Kawo, ba ta tashi sai ta cika. Kwamfuta sai ta tara sautin ya kai adadin da ka yanka mata sannan ta turo. A kan 44100 da muke aiki, wato ƙwayoyin sauti 44100 a kowane sakan, 1024 milisakan 23 ne shiga kawai, fita ma haka, ka ga an haura 46 kenan kafin ta ji kanta, wa zai iya waƙa a haka don Allah? 128 kuwa ko milisakan 3 bai cika ba. In za a ɗau murya sa 128, in ka ji ƙas-ƙas a sifika ka haura 256, nan ka tsaya. Ranar mikisin da ba mai rera komai maida shi 1024 ko 2048 ka loda filogin, ƙananan manhajojin gyara sauti, son ranka.

Amma fa ƙaramar bafa injin take gallaba, sawu yake ta yi ba hutu, ga zafin Afrilu ga fanka ta cika da ƙura, in aka ɗauke wuta kuma ya koma batir sai ya rage ƙarfi da kansa, ni ma na taɓa ɓata rabin dare ina canza wayoyi ina zagin makirfo ashe cajar ce ba a jone ba. Kuma ka kashe limita, mai hana sauti wuce iyaka, da tarkacen da ka jera a masta, layin da duk sautin ke haɗuwa, kafin a fara, wasunsu jinkiri suke ƙarawa ko da bafa tana 64.

A manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ka zaɓi ASIO, direban sauti, na sawunkad ɗin kansa, ASIO4ALL na ranar da babu ne. Sawunkad ɗinmu Focusrite yana da maɓallin jin kai tsaye, danna shi ka rufe muryar a cikin FL kada ta ji biyu, sai dai ba za ta ji Auto-Tune mai gyara murya ba, mawaƙan yanzu kuwa ka san halinsu. Hedfon ɗinka na Bluetooth shi ma jinkiri yake ƙarawa, ka bar shi gida, kar in ƙara ganinsa a situdiyo.