Ofishin haƙƙin ƙirƙira na Amurka ya nemi ƙarin bayani a kan na'urata, dole ne in amsa?

Malam, ka ce ka shigar da buƙatar haƙƙin ƙirƙira a USPTO, wato ofishin haƙƙin ƙirƙira na Amurka, sai jami'in da ke duba takardunka ya aiko yana neman ƙarin bayani. Dole ne ka amsa, amma kada hankalinka ya tashi, ba a ƙi buƙatarka ba.

Dokar ofishin mai lamba 1.105 ta ba jami'in damar neman duk bayanin da zai taimaka masa wajen yanke hukunci. Yakan tambaya ko ka taɓa wallafa wani rubutu a kan na'urar, ko ka sayar da ita ko ka nuna ta a bainar jama'a kafin ka shigar da takardu, da kuma rubuce-rubucen da ka dogara da su. Maganar sayarwa ita ce mai nauyi, domin a Amurka shekara ɗaya kacal aka ɗaga wa mai ƙirƙira ya shigar da takardunsa bayan ya bayyana abinsa.

Abin da ba ka sani ba, ko ba ka da hanyar samunsa cikin sauƙi, ka faɗi haka a rubuce, galibi ana karɓa. Amma kada ka ɓoye abin da ka sani.

Shiru kuwa shi ne babban haɗari. Kamfanin Star Fruits ya ƙi ba da bayanin cinikin wani irin itacen marmari, ofishin ya ɗauki buƙatarsa a matsayin wadda aka yi watsi da ita, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta goyi bayan ofishin a 2005. Duba wa'adin da ke jikin wasiƙar yau ɗin nan, ka kai wa lauyanka.