Saba Tana Kunne, Amma Kwamfutoci Ba Sa Samunta

Tambaya: Malam, jiya muka sauya wa sabar ofishinmu (babbar kwamfutar da sauran ke haɗawa da ita) katin sadarwa. Fitilarta na ƙyaftawa, amma babu kwamfutar da ke isa gare ta. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, zargina ya fi karkata ga ARP, tsarin da ke haɗa lambar IP (adireshin na'ura a hanyar sadarwa) da lambar MAC ta kati (lambar shaidar da katin ke zuwa da ita). Sabon kati da sabuwar MAC yake zuwa, alhali sauran na'urori na riƙe da tsohuwar. Rautar Cisco (na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwa) kan riƙe ta har awa 4.

A kwamfutar Windows da ba ta samun sabar, buɗe Command Prompt (tagar rubuta umarni) da izinin mai gudanarwa, ka rubuta arp -a, ka gwada lambar MAC da ta fito a gaban IP ɗin sabar da ta sabon katin. In sun saɓa, goge da arp -d *. A rautar kuwa, clear arp-cache.

A Linux, rubuta ip neigh. Ganin INCOMPLETE ko FAILED na nufin tambayar ARP ta fita, amsa ba ta dawo ba. Nan sai ka duba ramin da aka soke wayar sabar a swici (na'urar da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa), ko VLAN ɗinsa (rukunin sadarwar da aka sa shi) daidai ne, ko an ɗaure shi ga tsohuwar MAC. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi.

In haɗin yana zuwa yana yankewa, gwada umarnin arping, mai tambayar wa ke riƙe da IP ɗin sabar. MAC biyu suka amsa, to na'urori biyu ke rabon IP ɗaya, sai ka sauya wa ɗayar lamba.