Tambayi Likita: Yadda Ake Ƙidayar Shekarun Ƙoshin Lafiya

Likita, na ji an ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana fitar da adadin shekarun da mutum zai yi cikin ƙoshin lafiya. Ta yaya za su sani, alhali Allah kaɗai ya san ajalin kowa?

Gaskiyarka, Malam. Wannan lissafi na jama'a ne baki ɗaya, bai shafi ranar kowa ba. Ana farawa da jadawalin mace-mace: a kowane rukunin shekaru, mutum nawa ke rasuwa a shekara. Da shi ake fitar da matsakaicin tsawon rai. Dabara ce tsohuwa, domin Edmond Halley, masanin taurari na Ingila, ya yi irin wannan jadawali tun 1693 da bayanan birnin Breslau, wanda ke cikin ƙasar Poland a yau.

Cire shekarun jinya daga ciki shi ne abin da ya zo daga baya, kuma hanyar da aka fi bi ita ce wadda masanin ƙididdiga Daniel Sullivan ya wallafa a 1971. A ƙaddara mutum 1,000 masu shekara 60 sun cika shekara guda a raye, amma 200 cikinsu ba su da lafiya. Sai a rubuta 800 a madadin 1,000. Haka za a bi rukuni-rukuni, a tara, a raba da yawan mutanen da aka fara da su.

Alƙaluman hukumar na 2021 sun nuna matsakaicin tsawon rai a duniya shekara 71.4 ne, na ƙoshin lafiya kuma 61.9. Mutane kan ɗauka wannan tazara ta kusan shekara goma kwanciya ce a gadon tsufa. A'a, a warwatse take cikin rayuwa: zazzaɓin yarinta, ciwon kai na ɓari guda, gwiwar da ke ƙara in an zo hawa bene.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mai ciwon baya da mai shanyewar jiki ai ba ɗaya suke ba. Ana haɗa su ne a lissafin?

Malama, kin taɓo inda gizo ke saƙa. Masu binciken nauyin cututtuka na duniya, waɗanda cibiyarsu ke Jami'ar Washington a Amurka, suna ba kowane hali maki daga 0, wato cikakkiyar lafiya, zuwa 1, wato daidai da mutuwa. Ƙarancin jini mara tsanani yana ɗaukar 0.004, taɓin hankali mai tsanani na sikizofireniya kuma 0.778. Ana samo makin ne ta hanyar kwatanta wa dubban mutane halin marasa lafiya biyu, a ce su zaɓi wanda ya fi lafiya. Ke nan akwai ra'ayin ɗan Adam a ciki, kuma ni dai ban yarda maki ɗaya zai dace da kowa ba. Ciwon gwiwa ga mai aikin zaune daban, ga mai ɗaukar kaya daban.

Kada kuma ki raina ciwon bayan. Saboda yawan masu fama da shi, shi ke kan gaba a duniya wajen jawo shekarun jinya.

Da gaske ne mata sun fi maza tsawon rai?

Da gaske ne, Hajiya, a kusan kowace ƙasa. Sai dai sun fi maza yawan shekarun jinya, don haka in aka koma ga shekarun lafiya tazarar takan ragu.

Me ya hana a tambayi mutane kawai ko suna da lafiya?

Ana yi. Tarayyar Turai tana tambayar jama'a ko, cikin aƙalla wata shida da suka wuce, rashin lafiya ya tauye su wajen ayyukan yau da kullum. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da tarko. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna a 2002 cewa mutanen jihar Kerala ta Indiya, masu ilimi da asibitoci da tsawon rai, sun fi mutanen jihar Bihar yawan cewa ba su da lafiya. Wanda bai taɓa auna hawan jini ba zai ce maka lafiyarsa lau, kuma ba ƙarya yake yi ba. Shi ya sa duk lokacin da aka jera mini ƙasashe biyu, nakan fara duba wace tambaya aka yi wa mutanensu, kuma da wane harshe.