In tura tsabar azurfata a ba ta maki?

Tambaya: Malam, ina da tsabar kuɗin azurfa ta Amurka, wato Silver Eagle, guda goma. In tura wa PCGS ko NGC, kamfanonin da ke tantance tsabar kuɗi, su ba su maki?

Amsa: Ɗan'uwa, ni dai ba zan tura ba. Makin na lafiyar tsabar ne, daga 1 zuwa 70, kuma sababbi da yawa 69 suke samu. Ɗan ƙarcen da ido bai gani ya isa ya hana ta 70. Mai 69 kuwa, kusan kuɗin azurfarta dillali zai ba ka, bayan ka biya kuɗin tantancewa, aikawa da inshora. Tun 1986 miliyoyi ake bugawa duk shekara, don haka ba ta da wuyar samu. Mai kuskuren bugu ce kawai zan tura. Sauran, bar su cikin kwanson roba, kuma kar ka goge su.