Tambaya da Amsa: Zan iya ɗinka wa jaririna bargo da ƙyallayen tela?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, cikina wata bakwai. Na tara ƙyallayen atamfa da shadda buhu guda daga shagon telan unguwarmu, ina so in harhaɗa wa jaririn bargo kafin damina ta kankama. Maƙwabciyata ta ce kada in wanke su don kada su dushe, kuma in cusa soson katifa ya yi kauri saboda sanyi. Wata kuma ta ce ƙyallen mutane na sa yaro ƙuraje. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ki lafiya, ƙanwata. Ƙyalle ba ya ɗauke da wani mugun abu don kawai daga kayan wani aka yanko shi. Abin da ke jikinsa dauɗa ce: ƙurar ƙasan shago, sitati, ragowar rini, wani lokaci har da karyayyar allura. Ki zazzage buhun a kan tabarma da rana, ki bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, sannan ki wanke. Masu duhu daban, masu haske daban, domin jan atamfa da shuɗiyar shadda suna zuba. Wankin nan ne kuma zai sa auduga ta gama tsukewa tun kafin ki ɗinka. In kin bari sai bayan ɗinki, bargon zai tattare ya karkace.

Ki ware leshi da duk yadin da ke miƙewa. In kina shakkar wani ƙyalle, ki zaro zare ɗaya ki kai bakin ashana: auduga na barin toka da warin ƙonanniyar takarda, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Ki yanka kwali inci 5 kowane gefe ya zama ma'auninki, ki riƙa bin tsayin zare wajen yanka, ki ci kwatan inci a kowane ɗinki. Guda 80, takwas a faɗi goma a tsaye, za su ba ki inci 36 da 45. Kowane layi kika haɗa, ki goge shi kafin ki ɗora na gaba.

Yanzu maganar soso, wadda ita ce ta fi damuna. Kusan kullum sai wata ta zo min da ita, kuma masu ɗinka kayan jarirai suna tallar kauri kamar shi ne inganci, alhali cinikinsu kawai suke duba. Wane sanyi ake yi a Legas? Ko a watan Yuni da Yuli da ruwa ke kwana yana zuba, da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20. Abin da muke da shi laima ce. Soso yana shan ruwa ya riƙe, ki shanya shi wuni biyu waje ya bushe ciki na jiƙe, sai fumfuna da wari. Yaron da aka naɗe a ciki zufa zai yi ta yi, ƙurajen zafi su feso masa a wuya da baya, a dawo a ce ƙyallen mutane ne.

Wannan ma mai sauƙi ne. A ɗaki ɗaya ake kwana, an ɗauke wuta, ga kyandir, ga maganin sauro na ci a gindin gado. Soso in ya kama wuta nan take yake ci, hayaƙinsa guba ne, yadin roba kuma narkewa yake ya manne wa fata. Sannan jaririn wata ɗaya ko biyu ba shi da ƙarfin ture abu mai nauyi daga fuskarsa, kuma ba lallai ya yi kukan da zai tashe ki ba. Shi ya sa likitocin yara ke cewa kafin ya cika shekara a kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba bargo mai laushi. In tsoron limoniya ne, ƙwayoyin cuta ke kawo ta. Allurar rigakafi da nonon uwa ke kare yaro, kaurin bargo ba ya yi. Ɗan nan amana ce a hannunki, kada kunyar maƙwabciya ta sa ki yi abin da zai cutar da shi.

Ki ɗinka bargonki, amma mara nauyi: ƙyallaye a sama, tsohon zanin auduga ɗaya a tsakiya, shafi a ƙasa, ki bi da ɗinki kowane inci 4, ki naɗe baki. Ba maɓalli, ba duwatsun ado. Ki riƙa shimfiɗa masa shi a ƙasa da rana yana wasa kina kallo. Da dare riga mai dogon hannu da gidan sauro sun ishe shi har ya shekara.