Lahadi huɗu ba Mas: ga yadda muke yi a ƙauyenmu

Salama gare ki 'yata, da sauran 'yan'uwa masu karantawa. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, sai yau na samu cajin waya. Kin ce Lahadi huɗu ke nan ba ku je Mas ba, saboda kullen annobar korona na wannan shekara ta 2020. Ba ku da wutar kallon talabijin, kuɗin data kuma gara a sayi gishiri da daddawa da su. Ga surukarki tsohuwa tana kwance, kullum kukanta a kai ta wurin Fada ta yi ikirari. Kika tambaya ko zunubi kuke ɗauka, kuma me ya kamata ku yi.

Ni katikis ne, wato mai koyar da addini a cocin Katolika, a wani ƙaramin reshe a ƙasar Sumaila, shekara ashirin da ɗoriya ina wannan aiki. Bari in fara sauke miki nauyin da ke zuciyarki: ba ku ɗauki zunubi ba. Zuwa Mas ran Lahadi wajibi ne a kan wanda yake da hali. Wanda aka rufe wa ƙofa saboda annoba, wajibin ya sauka daga kansa. Dokar Ikkilisiya ta 1248 ta san da irin wannan rana, domin ta ce idan babu Fada ko wani babban dalili ya hana Mas, a taru a kan Maganar Allah, ko a ware lokaci a yi addu'a, mutum shi kaɗai ko da iyalinsa. Kallon Mas a waya abu ne mai kyau ga mai hali, amma ba a ɗora wa kowa shi ba. Kada ki hana yaranki miya saboda data.

Na fahimci ke kusa da gidan Fada kike zaune, kin saba da Mas kowane mako, shi ya sa abin ya buge ki haka. Mu a nan dama ba mu saba ba. Dayosis ɗin Kano, da Bishop John Namaza Niyiring ke jagoranta, ya haɗa jihar Kano da Jigawa gaba ɗaya, ƙauyuka kuwa sun fi Fadoji yawa nesa ba kusa ba. Namu Fadan yakan zo mana a kan babur sau ɗaya a mako biyar ko shida, da damina in rafi ya cika ma har ya fi haka. Sauran Lahadin ni ne nake jagorantar sujada. Saboda haka da aka kulle Kano a daren 16 ga Afrilu, kwana huɗu bayan Ista, na ɗauka mu abin ba zai dame mu sosai ba. Ashe ban gane ba. Rashin Fada mun iya shi. Rashin ganin juna ne ba mu taɓa ɗanɗanawa ba: ba gangar Zumuntar Mata, ba hayaniyar yaran katikisim a gindin dalbejiya, ba tsayuwar nan ta bayan sujada da ake jin wa ya haihu, wa ke kwance, wa rumbunsa ya ƙare.

Lahadin farko, 19 ga Afrilu, na tashi da asuba kamar kullum, na je na buga ƙararrawa. Ƙararrawar tamu tsohon rim ɗin mota ne da muka rataye a reshen bishiya. Na buga, na juya zuwa gida ban buɗe ƙofar coci ba, ƙafafuna kamar ba nawa ba. A gida uwargida ta riga ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmi. Ba mu da tebur ɗin kirki, sai ta kife turmi ta rufe shi da farin mayafi, muka ɗora gicciye da fitila da ganyen dabinon da muka karɓa ran Lahadin Dabino. Ta sa kowa ya yi wanka ya sa kayan coci, ita ma ta ɗaura zanen Zumunta. Da na ce mata ai a gida muke, cewa ta yi Wanda za mu gaisar bai canja ba. 'Yata ta biyu ce ta karanta Bishara, Yohanna sura 20, inda almajirai suka kulle ƙofofi saboda tsoro, Yesu ya zo ya tsaya a tsakiyarsu ya yi musu sallama. Ba mu muka zaɓi karatun ba, shi ne na ranar a duk duniya. Yarinyar ta kai wurin kulle ƙofofin nan sai muryarta ta sarƙe, ta tsaya. Ba wanda ya ce mata ci gaba. Sai da kazar da ke kiwo a bayanmu ta gama zagaya tabarmar sannan ta ƙarasa.

Tun daga ranar haka muke yi, kuma shi nake ba ki shawara. Ku tsayar da lokaci guda kada ya riƙa yawo. Mu ƙarfe takwas ne, in an ji ƙarfen nan kowane gida ya fara a inda yake. Ku fara da alamar gicciye, ku roƙi gafara, a karanta karatun ranar. In ba ku da littafin karatun Mas, Littafi Mai Tsarki ya isa, ki tambayi katikis ɗinku surorin ta saƙon waya. Bayan karatu kada wani ya miƙe ya yi doguwar huɗuba, a bar kowa ya faɗi kalmar da ta taɓa shi, har yara. Za ki yi mamakin abin da zai fito daga bakin ɗan shekara tara. Daga nan a furta bangaskiya, a yi roƙo domin marasa lafiya da likitoci da shugabanni da waɗanda suka riga mu, a yi Ubanmu. Waƙa kuwa ku rera da ƙarfi, maƙwabta su ji su samu ƙarfin gwiwa.

Akwai wuri guda da nake so ki kula da shi sosai, wato inda da a Mas ne za a tashi a karɓi Jikin Ubangiji. A nan mukan durƙusa mu yi shiru. Kowa ya gaya wa Yesu a zuciyarsa cewa ya gaskata yana cikin Sakramenti, yana marmarinsa, tunda ba halin karɓarsa da baki ya zo cikin zuciya. Tarayya ta ruhu ke nan, tsohon abu ne a Ikkilisiya, ba korona ce ta kawo shi ba. A mako na biyu wani magidanci a cikinmu, mutumin kirki mai son Allah, ya sayo burodi ya haɗa da zoɓo, ya karanta kalmomin Jibin Ƙarshe ya rarraba wa iyalinsa. Da labari ya zo mini na je na tsaya daga bakin zaurensa muka yi magana. Ya ce tausayin yaran ne ya kama shi, kuma ai karatun ranar na Imuwasu ne, inda aka gane Yesu wajen gutsuttsura gurasa. Na ce masa na gane, amma ni da nake katikis ma ba ni da wannan iko, sai wanda aka naɗa Fada. In muka cike gurbin da abin da ba shi ba, yaran za su tashi ba su san bambanci ba. Gara su ji yunwar nan su san sunanta. Ya karɓa da hannu biyu, bai sake ba.

Yanzu maganar Mama, surukarki, wadda na san ita ta fi ci miki rai. Ba a yin ikirari ta waya, kuma ba a yi wa katikis. Amma Ikkilisiya ba ta bar mai neman gafara a rana ba. Koyarwar tana cikin Katikisim, lamba ta 1452, kuma a watan Maris ɗin nan Fadar Fafaroma ta sake tunatar da duniya saboda wannan annoba: wanda ya rasa Fada, in ya yi nadama ta gaskiya saboda ƙaunar Allah, ya roƙi gafara da zuciya ɗaya, da niyyar zai je ikirari da zarar hanya ta buɗe, an gafarta masa, har manyan zunubai. Ki zauna kusa da ita ki faɗa mata wannan da Hausar da za ta gane. Ki karanta mata Zabura 51 a hankali, sannan ki fita ki ba ta wuri ta yi magana da Ubangijinta, kada ki tsaya sauraro. Duk da haka ki kira Fada ki gaya masa halin da take ciki. In jiki ya yi tsanani, shafa mai na marasa lafiya aikinsa ne shi kaɗai, shi zai duba yadda zai iso da takunkumi a fuska. Kada kunya ta sa ki yi shiru har lokaci ya ƙure.

Ina faɗa miki haka ne domin mun gani. Ƙarshen Afrilu wata tsohuwa tamu ta kwanta, tana cikin mutanen farko da suka karɓi baftisma a ƙauyen nan. Tsufa ne, ba tari ba zazzaɓi. Na je na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, jikarta na ciki tana riƙe da hannunta. Na kira Fada, ya yi ta neman hanya bai samu wucewa ba, sai na sa wayar a lasifika ya yi mata addu'a ya sa mata albarka. Muka yi addu'ar tuba tare, ina faɗa tana maimaitawa, wani wurin leɓe kawai ke motsi. Rosari ɗinta ya tsinke tun tuni ta ɗaure shi da zaren buhu, yana naɗe a yatsunta har ta cika da asuba. Mu goma sha biyu muka binne ta, matar da in da lafiya lau ne ƙauyuka biyar za su taru. Matan Zumunta suka tsattsaya a ƙofofin gidajensu suna rera waƙa muna wucewa da ita. Na rubuta sunanta a littafi, ran da Fada ya zo Mas ta farko tata ce.

A littafin nan akwai kuma masu neman baftisma su bakwai da aka shirya yi musu bayan Ista, da yara masu jiran tarayyar farko, da aure guda. Duk suna jira. Sai dai ki riƙe wannan: in jariri ko wanda bai yi baftisma ba yana bakin mutuwa, kowa na iya yi masa, ke ma. Ruwa mai tsabta a zuba a kai sau uku, ana cewa ina yi maka baftisma cikin sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki. Daga baya a sanar da Fada ya rubuta. Na koya wa ungozomarmu wannan tun da daɗewa.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai masu ce mini mu buɗe coci kawai, ai nan daji ne, ba jami'in da zai zo ya gan mu. Gaskiya ne ba mai zuwa. Wasu kuma na cewa cutar ta masu hawa jirgi ce. Ni ban yarda ba. Ran 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko a Kano, kafin wata ya ƙare kowa ya ji yadda ake ta binne dattawa a birni, har Shugaba Buhari ya ƙara kulle jihar mako biyu ran 27 ga wata. Samarinmu 'yan cin rani sun dawo daga birnin nan, suna kwana gida ɗaya da kakanninsu. Cocinmu ɗaki ne guda mai taga huɗu, benci ɗaya mutum takwas. Ni ma makon farko na yi kuskure, na riƙa shiga gida gida ina gaisawa da hannu, sai uwargida ta tuna mini cewa in cutar na jikin ɗaya, ni zan zama mai raba ta. Yanzu daga waje nake tsayawa. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi suna cikin azumi tun 24 ga Afrilu, ba Juma'a, ba asham a masallaci, ba taron tafsiri. Limamin unguwar da ke gabas da mu mun haɗu a hanyar gona, kowa ya jajanta wa ɗan'uwansa daga nesa. Fafaroma Francis kansa ran 27 ga Maris shi kaɗai ya tsaya a dandalin Waliyyi Bitrus, ruwa na zuba, ya yi wa duniya addu'a.

Abu ɗaya da ake mantawa shi ne baiko. Da aka rufe coci shi ma ya tsaya, alhali Fada na cin abinci, babur na shan mai, gwauraye da marayu kuma wannan ne lokacin da rumbu ke kai ƙasa, ga kasuwanni a rufe. Mu kowane gida yana ajiye ƙwarya kusa da gicciye, ran Lahadi a zuba abin da ya samu, ko tiya ɗaya ta dawa ko naira hamsin. Litinin ko Alhamis, ranakun da gwamnati ta sassauta a fita sayen abinci, shugabar Zumunta da wani saurayi su bi su tattara. Kashi ɗaya gidan Fada, kashi biyu ga gidajen da ba a hura wuta. Ta wannan zagayen ne ma muke jin labarin juna yanzu.

Tunda watan Mayu ne, watan Uwarmu Maryamu, Fafaroma ya rubuto wasiƙa ran 25 ga Afrilu yana roƙon a riƙa yin Rosari a gida tare da iyali. Mu bayan tuwon dare muke yi, a waje saboda zafi. Ku ja tabarmarku kusa da ɗakin Mama yadda za ta ji, ko gida ɗaya na Rosarin ta iya bi ya isa. Lahadi mai zuwa, 17 ga wata, Bisharar ita ce Yohanna 14, aya 15 zuwa 21, ki sa babban yaronki ya fara gwada karantawa tun yanzu. Ƙarfe takwas zan buga ƙarfenmu, ku fara tare da mu daga can. Ki gaishe mini da Mama da jiki, za mu sa ta cikin roƙon ranar, kuma ki sanar da ni abin da Fada ya ce.